Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Ɗaukar Ma'aikata: Wa Ke Biyan Kuɗin Ɗauko Lebura?

Zuwa ga shugabannin NECA, ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta Najeriya, da 'ya'yanta masu masana'antu da 'yan kwangila da manyan manoma, musamman namu na Arewa.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni dai tsohon akawu ne. Shekara 22 na yi a wata masana'anta a Kano kafin na ajiye alƙalami. Daga tankifa na fara, ina tsaye a bakin ƙofa da asuba ina ɗaukar sunayen leburori, har na kai teburin da ake ƙirga albashi. Na faɗi haka ne don ku san ba maƙiyinku ne ya rubuto ba. A inuwarku na ci abinci, na yi aure, na aurar. Na kuma san nauyin da ke kan mai kamfani a ƙasar da wutar lantarki ba ta zama, dizal ya yi tsada, masu karɓar haraji kuma suna sallama ta kowace ƙofa. Amma akwai wani kuɗi da ban taɓa ganin an rubuta shi a littafin kamfani ba, ban ma san da zamansa ba sai da ya shigo gidanmu ya yi ɓarna.

Ɗan ƙanwata mai walda ne, kuma gwani. Ba don ɗana ba ne nake yabonsa, ƙofofin gidaje da yawa a unguwarmu aikin hannunsa ne. Wani ejan ya same shi da maganar aiki a wani kamfanin gine-gine a ɗaya daga cikin ƙasashen Larabawa. Aka ce ya kawo kuɗin fom, sai kuɗin gwajin lafiya, sai kuɗin biza, sai tikiti, sai wani abu da aka sa wa suna kuɗin ofis. Kowane biya aka zo sai a ce shi ne na ƙarshe. Uwarsa ta sayar da shanun huɗa biyu, ta jinginar da gonar da ta gada, ta kwashe adashinta. Ko rasit ɗaya ba a ba su ba. Yana sauka aka karɓe fasfonsa a filin jirgi, wai ajiya. Kashegari aka miƙo masa takarda da Larabci ya sa hannu, sai bayan kwanaki wani ɗan Sudan ya karanta masa abin da ke ciki: lebura aka rubuta, ba mai walda ba, albashin kuma bai kai wanda aka faɗa masa a Kano ba. Da ya yi ta maza ya je wa manaja da kukansa, ya lissafa masa abin da aka sayar kafin ya zo, sai manajan ya buɗe hannu ya ce shi bai karɓi ko sisi daga gare shi ba, ya je ya nemi wanda ya ba kuɗin.

Na daɗe ina juya wannan amsa a raina. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, gaskiya manajan ya faɗa. Bai karɓa ba. Sai dai kuma bai biya ba, kuma a nan gizo ke saƙarsa.

Ɗauko mutum daga Kano a kai shi wata ƙasa yana cin kuɗi, ko an so ko an ƙi. Jirgi ba ya tashi kyauta, likita ba ya gwaji kyauta, ejan ma yana da iyali. Dole wani ya biya. Idan kamfanin da ke buƙatar ma'aikata ya ce wa ejan ya kawo masa mutum 50, sannan ya ƙi biyan ladan ejan, ko ya zaɓi wanda ya fi kowa araha, ko ma wanda ya ce zai kawo kyauta, to ya riga ya san aljihun da kuɗin za su fito. Akwai ma inda abin ya juye gaba ɗaya, ejan ne ke biyan wani jami'in kamfani don a ba shi bizar. Daga nan biza ta zama haja kamar buhun shinkafa. Ta fito daga kamfani, ta faɗa hannun ejan na can, ya sayar wa ejan na nan, shi kuma ya raba wa ƙananan dillalai masu bin unguwanni da ƙauyuka, kowa ya ɗora la'adarsa. Wanda ke can ƙarshe, wanda ya fi kowa talauci a cikinsu, shi ke ɗaukar kuɗin kowa a kansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ku masu lissafi ne, ku duba wannan. Ƙatar ta fara aiki da mafi ƙarancin albashi a 2021, riyal 1,000 a wata, da ƙarin 500 na masauki da 300 na abinci idan kamfani bai bayar da su ba. A ce mutum ya biya abin da ya kai riyal 6,000 kafin ya tashi. Wata 6 ke nan cur yana aiki ba don kansa ba, ba don 'ya'yansa ba, in ma an yi sa'a bashin babu ruwa a kansa. Mai irin wannan bashi ba ya iya cewa a'a. A ƙara masa awoyin aiki, ya yi shiru. A jinkirta albashi wata 3, ya yi shiru. Ba zai koma gida hannu rabbana ya kalli idon uwar da ta jinginar da gona ba. A ƙasashen da ke da tsarin kafala, igamarsa, wato takardar izinin zamansa, tana ɗaure da sunan kafil, ubangidan da ya ɗauki nauyinsa, in ya gudu kafil ya kai rahoton hurub, wato ya tsere, daga wannan rana ya zama wanda 'yan sanda ke nema, ƙarshensa gidan tarhil, inda ake tsare baƙi kafin a koro su gida. Duk wanda ya taɓa zama da takari a Jidda ko Makka ya san abin da gidan tarhil na Shumaisi ke nufi. An yi gyara, ba zan hana su haƙƙinsu ba. Ƙatar ta soke neman izinin ubangida kafin a sauya aiki a 2020. Saudiyya ta sassauta nata tsarin a watan Maris na 2021, ko da yake wancan gyaran bai haɗa da masu aikin gida ba, alhali nan ne matanmu masu tafiya shagalanci suke faɗawa. Amma ko an kwance igiyar kafil, ta bashi tana nan a wuya, kuma ita a gida aka ɗaura ta tun kafin a hau jirgi.

Ba raɗaɗin gidanmu kaɗai nake kawo muku ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a duniya, kuma baƙon ma'aikaci ya ninka ɗan gida sau 3 wajen hatsarin faɗawa ciki. Mu ma mun ga inda abin ke kaiwa. A watan Afrilun 2020 wani mutum a Labanan ya sa hoton fasfon wata 'yar Najeriya a Facebook yana tallarta a kan dala 1,000, kamar mai tallar akuya. An kama shi daga baya. Ni abin da na tambayi kaina a lokacin shi ne, ta yaya fasfonta ya zo hannunsa, kuma me ya sa ya ɗauka yana da abin sayarwa?

Maganin da aka gano ba shi da wuyar faɗa: wanda ke buƙatar ma'aikaci shi zai biya kuɗin ɗauko shi, ba ma'aikacin ba. Wannan ba ra'ayina ba ne. Yarjejeniyar ILO mai lamba 181 ta 1997, wadda ta shafi kamfanonin samar da ma'aikata masu zaman kansu, ta faɗa a sashe na 7 cewa kada su caji ma'aikaci komai, kai tsaye ko ta bayan gida, duka ko wani ɓangare. A 2014 ILO ta ƙaddamar da shirinta na ɗaukar aiki bisa adalci, a 2016 ta fitar da ƙa'idoji, a 2018 kuma aka zauna aka fayyace abin da ake nufi da kuɗin ɗaukar aiki, don kada wani ya sauya masa suna ya ci gaba da karɓa. Gwajin lafiya na ciki, da inshora, da jarrabawar ƙwarewa, da horo, da kayan aiki, da kuɗin tafiya da masauki a hanya, da kuɗin takardu. Ku sake duba jerin abin da ƙanwata ta biya, ku ga ko akwai ɗaya da ya fita daga nan. Wannan zaman da wakilan masu ɗaukar ma'aikata aka yi shi, don ILO kujeru uku gare ta, gwamnati da ma'aikata da ku. Najeriya kuma ta amince da yarjejeniyar 181 a watan Maris na 2023. Kai, ita kanta dokar ƙwadago ta Saudiyya, sashe na 40, ta ɗora kuɗin ɗauko baƙon ma'aikaci da na igama da izinin aiki da tikitin komawa gida a kan mai aiki. Ashe ba doka ce babu ba.

Akwai wata 'yar ƙofa a cikin wannan sashe na 7 da nake so ku sa mata ido. An yarda gwamnati ta keɓe wasu rukunin ma'aikata ko wasu hidimomi da za a iya caji, amma sai ta tuntuɓi manyan ƙungiyoyin masu ɗaukar ma'aikata da na ƙwadago. A Najeriya, ku ke nan za a tuntuɓa. Ranar da aka kawo muku wannan magana, za a zo da daɗin baki, a ce ai ɗan abin da za a karɓa ba shi da yawa, kuɗin fom ne kawai. Da kuɗin fom aka fara da ɗan ƙanwata. Idan kuka bari aka buɗe wannan ƙofa, ba za ta tsaya taga ba, sai ta zama ƙofar gari.

Tun kafin Janiba, hedkwatar ILO, ma mun san wannan. Annabi Musa, alaihis salam, baƙo ne a Madyana, ya fito daga Masar ba shi da kowa ba shi da komai. Suratul Ƙasas ta ba mu labarin yadda aka ɗauke shi aiki. 'Yar dattijon ta ce wa mahaifinta ya ɗauke shi, don mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi amintacce. Dattijon ya faɗi wa'adi a fili, shekara 8, in ya cika 10 ganin damarsa ne, ya faɗi lada a fili, ya kuma ƙara da cewa ba ya nufin ya tsananta masa. Babu inda aka ce Musa ya kawo wani abu kafin a ba shi sanda ya bi dabbobi. A hadisin ƙudusi da ke cikin Bukhari kuwa, cikin mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama har da wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya gama morarsa ya hana shi ladansa. Na san ba dukkanku ne Musulmi ba. Littafin Maimaitawar Shari'a ma ya hana zaluntar ɗan ƙwadago matalauci, ɗan gida ne ko baƙo, ya ce a biya shi kafin rana ta faɗi.

Ku lura da abin da 'yar dattijon ta duba, ƙarfi da amana. Wannan ya kawo ni kan abin da ya shafi aljihunku. Idan ma'aikaci ne ke biya, ejan ba gwani yake nema ba, mai kuɗin biya yake nema. Mai walda na ƙwarai wanda ba shi da gonar jingina sai ya zauna a gida, wanda bai taɓa riƙe ƙarfe ba amma uwarsa tana da shanu shi zai hau jirgi. Kamfani ya ɗauka ya samu ma'aikata kyauta, alhali ya sayi aikin da za a rushe a sake, da hatsari a wurin aiki, da mutumin da hankalinsa ke kan mai bin bashi ba kan injin da ke gabansa ba. A zamanina na akawu, in ka ga lebura yana yawan kuskure, in ka bincika sau da yawa bashi ne ke cinsa.

Manyan kamfanonin duniya ba don tsoron Allah kaɗai suka karɓi wannan ƙa'ida ba. A 2016 Coca-Cola da Unilever da IKEA da HP suka haɗu suka yi alƙawarin cewa mai aiki ne zai riƙa biya. Apple ya hana masu yi masa kaya karɓar ko sisi daga ma'aikata a 2015, kuma daga 2008 ya sa an mayar wa ma'aikata sama da dala miliyan 30 da aka karɓa a hannunsu. Wanda bai ji bari ba kuwa ya ji hoho. Top Glove na Malesiya, kamfanin da ya fi kowane girma a duniya wajen yin safar hannu ta roba, yana tsakiyar cinikin annobar korona hukumar kwastam ta Amurka ta tare kayansa a watan Yulin 2020 saboda alamun aikin tilas. Sai da ya mayar wa baƙin ma'aikatansa, waɗanda da yawansu 'yan Nepal da Bangladesh ne, kuɗin da suka biya ejan, ya gyara masaukinsu, sannan aka buɗe masa kasuwa a watan Satumban 2021. Duk wanda ke cikinku yake fatan sayar da fata ko riɗi ko citta ko tufa a Turai da Amurka, ya sani wata rana mai saye zai tambaye shi yadda ya samo masu yi masa aiki.

In masu aiki suka ƙi tsabtace hanya, gwamnati ba ta iya tsabtacewa, rufewa take yi. Gana ta dakatar da kai masu aikin gida ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha a 2017. Birtaniya ta buɗe ƙofar masu kula da tsofaffi a 2022, 'yan Najeriya da yawa suka biya dubban fam don takardar ɗaukar nauyi, wasu suka isa suka tarar babu aikin. Daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanoni sama da 470 a wannan fanni, a watan Yulin 2025 kuma ta rufe ɗauko sababbi daga waje gaba ɗaya. Mai gaskiya da maƙaryaci duk aka rufe da su. Shi kuwa mai neman tafiya ba ya fasawa, sai ya bi ta bizar umara ko ta Agadas.

Na san abin da wasunku za su ce, don na sha jinsa a ofis. Za su ce idan na biya kuɗin ɗauko mutum ya yi wata 2 ya gudu, wa zai biya ni? Tambaya ce mai ma'ana, ba zan raina ta ba. Akwai masu cin amana a cikin ma'aikata, akwai mai karɓar tikiti da niyyar ɓacewa tun daga gida. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu ma iyaye muna tura 'ya'ya hannun duk wanda ya zo da babbar riga da hoton Ka'aba a ofishinsa, ba tambayar lasisi, ba neman rasit, don kawai a ce ɗan wance yana waje. Amma maganin mai gudu yana cikin yarjejeniyar da kuka ƙulla da ejan, a rubuta cewa in wanda ya kawo ya tafi cikin wata kaza zai maye gurbinsa, sannan in an ci amana ga kotu nan. Riƙe fasfo ko albashi ko ɗaure mutum da bashi ba magani ba ne. A shekaruna 22 kuwa, waɗanda na ga sun gudu daga inda ake biyansu daidai a kan lokaci ba su da yawa.

Laifi tudu ne, ranku ya daɗe, ka taka naka ka hango na wani. Da sauƙi mu zauna mu zagi Larabawa. Najeriya ma ƙasar da ake zuwa ci-rani ce. Da an gama girbi za ka ga mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa sun cika garuruwanmu, masu ga-ruwa, masu gadi, masu haƙar rijiya, leburorin gini da na gonakin rani. Ga magina da masu shimfiɗa tayil daga Binin da Togo. Ga namu na ƙauye da ake kwasowa mota-mota zuwa masana'antu. Ta hannun wa suke shigowa? A inda na yi aiki, da yawansu ba a littafinmu suke ba, suna littafin ɗan kwangilar leburori. Mu mu biya shi dunƙule, shi ya raba. Na sani, kuma manyana sun sani, cewa heluma yana karɓar na goro kafin ya sa sunan mutum, yana kuma yankar wani abu duk ranar biya. Ban taɓa tambaya ba. Da an tambaye ni a lokacin, da abin da zan ce ke nan, ni ban karɓi ko sisi ba. Kun ga ashe ni da wancan manajan uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Wannan ne ya hana ni barci, shi ne kuma ya sa na ɗauki alƙalamin da na ajiye.

Akwai kuma al'adar nan ta riƙe wa ɗan ci-rani kuɗinsa da sunan ajiya sai damina ta faɗi. Wani da zuciya ɗaya yake yi, wani kuwa in lokacin tafiya ya yi sai lissafi ya rikice, a ce an cire na abinci, an cire na magani, an cire na buhun da ya ɓata. Baƙo ne, ba shi da takarda, ruwa ya sauka a garinsu, zai tsaya shari'a ne ko zai tafi shuka? Sai kuma cikin gidajenmu, inda hajiyoyi ke aika wa dillaliya ta kawo yarinya daga ƙauye. Albashin yarinyar hannun dillaliya yake zuwa, abin da ya isa ga uwarta Allah kaɗai ya sani. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau. A je a ƙirga a unguwannin masu hali. Ba zan tsawaita a nan ba, kowa ya san gidansa.

To me nake roƙo? Abu na farko ba ya buƙatar majalisa ko kasafin kuɗi. Duk ma'aikacin da ya shigo muku ta hannun wani, ranar da ya fara aiki a kira shi gefe, inda heluma ba ya ji, a tambaye shi da harshen da yake ji: nawa ka biya kafin ka samu wannan aikin, kuma wa ka ba? A sake tambayarsa bayan wata 3, don ranar farko tsoro ba zai bar shi ya faɗa ba. In ya biya, a mayar masa, a cire daga kuɗin ɗan kwangilar, in ya sake a sallame shi. Amma kafin ku yi haka, ku tabbata abin da kuke biyan ɗan kwangilar ya isa ya biya mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, ya kuma bar masa ribarsa. In bai isa ba, ku kuka aike shi aljihun lebura. Wanda ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski.

Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3. Ni da za ku ji tawa, kafin ya bar garinsu za a ba shi, kuma da Hausa in Hausa yake ji. Wanda ba ya karatu a karanta masa a gaban shaida, a ɗauki muryar a waya a tura masa, yau wannan ba ya cin ko kwabo. Dangwala yatsa a kan Turancin da mutum bai ji ba, da sa hannu a kan Larabcin da ɗan ƙanwata bai ji ba, duk kanwar ja ce. Takardun mutum kuma, fasfo ne ko katin ɗan ƙasa ko shaidar makaranta, su zauna a hannunsa. In ajiya ake so, a ba shi akwati da makulli.

Sauran roƙon na shugabannin ƙungiya ne. NECA ta kafu tun 1957, tana da kujera a teburin da ake tsara dokokin ƙwadago, tana kuma cikin ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta duniya, inda take haɗuwa da takwarorinta na wasu ƙasashe. Maganar da ɗan kasuwa zai faɗa wa ɗan'uwansa ɗan kasuwa ta fi shiga kunne a kan wadda ɗan ƙwadago zai faɗa da kwali a hannu. Ku gaya musu duk wanda ya ɗauki ɗan Najeriya kyauta, to an sayar da gona a wani ƙauye. Ku matsa a shigar da haramcin cajin ma'aikaci cikin dokarmu ta gida da hukunci bayyananne, don yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Janiba ba ta kama ejan a Kano sai ta zama dokar da alƙali zai buɗe. Duk yarjejeniyar tura ma'aikata da gwamnati za ta ƙulla da wata ƙasa, ku nemi a rubuta wanda zai biya me, dalla-dalla. Ku zauna da HuCaPAN, ƙungiyar kamfanonin samar da ma'aikata, ku yanke cewa 'ya'yanku ba za su yi hulɗa da ejan da ba shi da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ba. Masu lasisin nan da ke son yin gaskiya ba za su iya gogayya da mai cewa zai kawo kyauta ba, sai in ku masu ba da aikin kun daina sauraronsa.

Sunayen masu lasisin kuma a fito da su inda talaka zai ji. Mutanenmu rediyo suke saurare, ba shafin intanet na Turanci ba. Cibiyoyin ba masu ƙaura shawara da aka buɗe a Legas da Abuja da Benin ta jihar Edo abu ne mai kyau, amma matar da ke Ɓaɓura ko Illela ba za ta je can ta tambayi ko ejan ɗinta na gaske ne ba. Kuɗin da kamfani ɗaya ke kashewa a kalandar ƙarshen shekara ya isa ya ɗauki nauyin shirin rediyo na mako-mako da Hausa, a karanta sunaye, a faɗa wa mutane cewa duk wanda ya ce su kawo kuɗin aiki su nemi lasisinsa su kuma nemi rasit.

Ɗan ƙanwata ya dawo bayan wata 14. Ya fanshi gonar, shanun dai sun tafi. Ya koma rumfarsa ta walda, ba ya son a tayar da zancen. Yanzu ƙanensa ne ya kai shekara 19, kuma wani ejan ya fara kiransa a waya, har an ce ya kawo kuɗin fom. Na ce ya dakata tukuna, na rubuta wa manya, bari mu ji abin da za su ce.

Wassalam.

Naku,
Tsohon akawun biyan albashi,
Kano.